Wa Ya Ɗora Shi A Sama?

Na san da yawanku ci gaban labari kuka zo nema, har wasu sun fara ƙorafin wai na bar amarya tsaye a bakin ƙofa mako biyu ban shigar da ita ɗaki ba. Ku yi mini afuwa, tana nan tafe. Yau dai wata magana ce ta tokare mini maƙoshi, ta fi shekara ina juya ta a raina, na ce bari in fitar da ita ko na samu sararin komawa kan alƙalamina.

Hajiyarmu, wato mahaifiyata, ta shekara tara tana fama da ciwon suga. Ƙwaya da safe, ƙwaya da dare, asibiti duk ƙarshen wata, ga dokoki sun fi na gidan miji yawa. An raba ta da shayi mai kauri, an rage mata tuwo, furar da take so kamar ranta ma sai an auna mata. Duk zuwan da za mu yi sai ta tambayi likita, "Ɗan nan, wai ni wannan magani har yaushe?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce, "Hajiya, wannan ciwo lallaɓa shi ake yi, ba a rabuwa da shi." Sai ta yi shiru, mu fito, tun daga bakin asibiti har gida tana mita a cikin a-daidaita.

To ina da ɗa, na fari, kun san ba a kama suna. A hannun Hajiya ya tashi, ita ke ce masa maigida, shi kuma ya ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru shekarunsa 19, ya gama sakandare yana jiran shiga jami'a, ga waya a hannu dare da rana. Mitar Hajiya ta dame shi, tausayinta ya kama shi, sai wani dare ya ɗauki wayarsa ya rubuta da Turanci a wajen bincike cewa yana neman maganin da ke raba mutum da ciwon suga gaba ɗaya. Abin da ya fara fitowa a saman shafin shi ya latsa. Ya kai shi wani waje mai hoton wani mutum da farar rigar likitoci, ga hotunan tsofaffi suna dariya wai sun warke, ga wani agogo yana ƙirga lokaci wai rangwame zai ƙare nan da awa biyu. Naira 42,000 kwalba uku, sai an kawo maka har gida sannan ka biya.

Yana da 25,000 da yake tarawa zai canza waya, ya zo wurina neman ciko. Ina tsaka da rubutu a lokacin, ko kai ban ɗago sosai ba na ce, "A ina ka samo wannan maganin?" Ya ce, "Umma, bincike na yi fa, shi ne ya fara fitowa." Wallahi wannan amsar ita ce ta gamsar da ni. Ban ce kawo in gani ba, ban ce mu tambayi likita ba. A raina na ce tunda duk duniya aka bincika shi ya zo na ɗaya, ai da dalili. Na buɗe jaka na ƙirgo masa 17,000.

Kwana biyu aka kawo kwalaben a babur. A cikin kwalin akwai takarda da ta ce a ajiye maganin asibiti don kada ya hana na gargajiyar aiki. Shi ya karanta mata, ita kuma abin nema ya samu, suka haɗa baki suka ɓoye mini wannan ɓangaren, wai sai ta warke su ba ni mamaki. Mako na farko har kira take ta ce ta ji ƙarfi. A mako na uku ƙanwata da ke zaune da ita ta ce mini Hajiya fa ba ta barci, daga buta sai randa, ta sha ruwa ta zaga, ta sha ta zaga, kuma tana cewa gani take dishi-dishi. Wata asuba ta idar da salla ta kasa tashi daga kan darduma. Da muka isa asibiti aka ɗiga jininta a na'urar gwajin, na'urar ma ba ta ba da lamba ba, haruffa biyu kawai ta nuna, ma'aikaciyar ta ce sugan ya wuce abin da take iya aunawa. Kwananmu biyar. Likita ya juya kwalbar gaba da baya, babu lambar NAFDAC, babu adireshi, babu jerin abin da aka haɗa. Bai yi mana faɗa ba, kallo ɗaya ya yi mini, ni da nake rubuta littafi mutane suna karantawa, na ji da ma ƙasa ta tsage.

A dare na biyu, Hajiya ta samu barci, muna zaune a kan tabarma a barandar ɗakin mata, na ce ya nuna mini inda ya samo. Ya sake rubuta kalmomin, ga shi nan kuwa ya sake fitowa a sama, ko kunya babu. Na karɓi wayar na kawo ta kusa da ido. A saman sunan akwai wata 'yar kalma, "Sponsored". Na ce, "Wannan fa?" Ya ce ya gan ta tun ranar, ya ɗauka wata ƙungiya ce ta tsaya wa maganin. Ban iya yi masa faɗa ba, domin ni ma da ni ce haka zan fassara. Mu da muka tashi da rediyo, in aka ce wane ne ya ɗauki nauyin kawo muku wannan shiri, ai mutumin kirki ake nufi, mai taimakon jama'a. In aka ce an ɗauki nauyin karatun yaro, alheri ne. Ashe a nan ma'anarta ita ce mai kayan da kansa ya biya kuɗi aka ɗora shi a sama. Injin bai yi ƙarya ba, ya rubuta. Sai dai ya rubuta da harshen da ba namu ba, da kalmar da ke da fuska biyu, a wurin da idon mai neman mafita ba ya tsayawa.

Bayan an sallame mu abin ya ƙi barin raina. Ina da ƙane da ya karanci kwamfuta, na zaunar da shi na ce ya yi mini bayani dalla-dalla kamar yana koya wa 'yar aji ɗaya, abin da ya ragu kuma na bi da kaina a hankali da ƙamus a gefe, don Turancina na sakandare ne, ba ya gudu.

Abin da na fahimta shi ne, a shafin sakamakon bincike kaya iri biyu ne ke zube a faifai ɗaya. Akwai waɗanda injin ya tsamo da lissafinsa don yana ganin su suka fi dacewa da tambayarka, akwai kuma waɗanda masu su suka saya wa wuri. Kuma sayen da gwanjo ake yi. Mai kaya zai zaɓi kalmomin da yake so, misali "maganin suga", ya ce duk wanda ya latsa tallata zan biya kaza. Wani ma ya taya, wani ya ƙara. Daidai lokacin da ka rubuta tambayarka, kafin ka ƙifta ido an yi gwanjon an gama, an jera su. Manyan injinan sun ce kuɗi kaɗai ba ya isa, suna duba ingancin tallar da dacewarta da tambayar, kuma suna da dokokin hana tallar ƙarya. Na yarda suna da su. Amma mai niyyar cuta shi ma ba barci yake ba, kuma shi ne ya fi kowa iya tsada wajen tayi, tunda ruwan da ya ɗura a kwalba bai ci masa komai ba. Likitan gaskiya kuwa me zai tallata? Ya biya kuɗi don ya gaya maka ciwon ba ya warkewa?

Wanda ya fara yin fice da wannan ciniki wani Ba'amurke ne, Bill Gross, da ya buɗe GoTo.com a 1998. Shi fili ya fito, ya ce wanda ya fi biya shi ne a sama, har ma yakan rubuta a gefen kowane sakamako nawa mai tallar zai biya in ka latsa. Da ƙanena ya faɗa mini haka sai na ji mutumin ya ɗan burge ni. Dillali ne da ya rataya la'adarsa a wuya kowa yana gani. Kamfanin ya canza suna zuwa Overture a 2001, Yahoo ta saye shi a 2003 a kan dala biliyan 1.6 da 'yan kai.

A wannan shekarar ta 1998 kuma wasu ɗalibai biyu a jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, suka fitar da takardar da ta bayyana injinsu, Google. Dabararsu ita ce a auna darajar shafi da yawan shafukan da suka yi nuni zuwa gare shi da kuma darajar su masu nunin, kamar dai yadda ake binciken mai neman aure, wa ya san shi, kuma shi wanda ya san shi ɗin wane ne. A ƙarshen takardar suka yi gargaɗi da bakinsu cewa injin da ke ci da talla dole zuciyarsa ta karkata wajen masu talla, ta bar masu nema. Har misali suka kawo, cewa in aka nemi wayar salula a injinsu, cikin abin da ke fitowa a sama akwai wani nazari kan haɗarin yin waya ana tuƙi, abin da mai sayar da waya ba zai so a gani ba. Shekara biyu bayan haka, a Oktoban 2000, suka buɗe nasu tsarin tallar mai suna AdWords, a 2002 suka koma karɓar kuɗi a kan kowace latsawa. A 2023 tallar bincike da danginta ta kawo wa kamfanin kimanin dala biliyan 175. Ban kawo wannan don in yi musu dariya ba. Ni ma a gabatarwar littafina na farko na rubuta cewa don gyaran tarbiyya kawai nake rubutu, ba don kuɗi ba, kafin kuɗin takarda ya koya mini hankali.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne labarin alamar. A farkon lamari tallar Google a cikin wani akwati mai launi take, daban da sauran, ko daga nesa ka san wannan ɓangaren 'yan kasuwa ne. Shekara na bin shekara launin yana kodewa har aka cire shi, aka sa wata 'yar alama ruwan ɗorawa mai haruffa biyu, "Ad". A 2016 alamar ta koma koriya, kalar adireshin da ke gefenta, ta saje. A 2019 a wayoyi, sannan farkon 2020 a kwamfuta, ta koma baƙa kamar sauran rubutu, har jama'a suka yi ca, kamfanin ya ce zai sake dubawa, kuma an sake sauya ta daga baya. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, tun 2002 ta rubuta wa kamfanonin bincike cewa su bambanta talla da sakamako a fili. A 2013 ta sake rubuta wa sama da 20 daga cikinsu, tana cewa bambancin sai raguwa yake yi. Kuma kada ku ce mu ne kawai ba mu waye ba. Cibiyar Pew ta yi bincike a Amurka ta fitar a 2005, ta gano 38 cikin 100 ne kacal na masu amfani da injin bincike suka san akwai na biya da wanda ba na biya ba, alhali 68 cikin 100 sun ce sun ɗauki injinan a matsayin masu adalci da ba sa son kai. Masu harshen ke nan, a ƙasar da aka ƙera abin. A Disambar 2022 hukumar FBI da kanta ta gargaɗi mutane cewa 'yan damfara na sayen tallar bincike su yi shigar sanannun kamfanoni don su sace bayanan mutane da kuɗinsu.

Akwai labarin da na karanta na ajiye wayar na yi kuka, don ya yi kama da namu, sai dai nasu bai zo da sauƙi ba. Wani ɗalibi ne a ƙasar Sin, Wei Zexi, shekarunsa 21, ya kamu da wata irin sankara da ba a cika samu ba. Ya nemi magani a Baidu, babban injin binciken ƙasarsu, wani asibiti a Beijing ya fito masa a sahun gaba, ashe wurin saye aka yi. Aka ce musu maganin sabo ne, har da haɗin gwiwar jami'ar Stanford, maganar da ta zamo ba gaskiya ba. Iyayensa suka kashe kimanin yuan 200,000, har da na rance. Kafin ya rasu a watan Afrilun 2016 ya rubuta labarinsa a intanet, ƙasar ta ɗauka. Hukuma ta binciki kamfanin, ta umarce shi kada talla ta wuce 30 cikin 100 na shafi, a yi mata alama bayyananna, kuma a daina jera sakamako da kuɗi kaɗai. Shi dai yaron ya riga ya tafi. Ina karantawa ina tuna nawa ɗan zaune a barandar asibiti ya haɗa kai da gwiwa.

Yanzu bari in zo inda maganar ta fi yi mini ciwo, don in na tsaya a kan Turawa da mutanen Sin ban yi adalci ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ni na san warin tawa.

Waɗanda suka san harkar littafi a Kano a farkon shekarun 2000 sun san yadda teburin mai shago yake. Akwai littattafan da ake shimfiɗawa a gaba, bango yana kallon mai wucewa, akwai waɗanda ake ɗaurewa da igiya a tura ƙarƙashin benci. Yarinya za ta zo da kuɗin littafi ɗaya a ƙulle a bakin mayafi ta ce, "Malam, wanne ne mai daɗi a sababbin?" Wanda ya miƙo mata shi za ta saya. Mu marubuta mun san wanda yake miƙowa shi ne wanda ya zuba kuɗinsa a ciki, ko wanda aka ƙara masa riba a kai. Ni kaina na taɓa rage farashin sari don a fito da nawa daga ƙarƙashin benci, kuma ban ga laifina a nan ba, kasuwa ce, kowa ya san mai shago ɗan kasuwa ne. Ko a tasha in ɗan kamasho ya ja jakarka yana rantsuwa motarsa ce za ta fara tashi, ka san kamashonsa yake nema, sai ka leƙa da idonka. Inda ake cutar ka shi ne in ka leƙa ka ga mutum shida a zaune, ka biya ka shiga, sannan su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ashe 'yan tashar ne aka zaunar su yi kamar fasinja.

To ni ma na taɓa zama a irin wannan motar. Wajen 2004 ne, ina neman fitar da kashi na biyu na wani littafina, ba ni da kuɗin ɗab'i. Wani Alhaji mai shago ya ce zai buga mini bashi, amma da sharaɗi ɗaya. A shafin ƙarshe, inda muke gaishe-gaishe da sanar da littattafai masu fitowa, in rubuta da bakina cewa na karanta wani littafi da shi ya ɗauki nauyinsa, ya sa ni kuka, duk mai ƙaunata ya neme shi. Na ce, "Alhaji, ban fa karanta ba." Ya ce, "Haba Hajiya, layi uku ne fa, kowa ma yana yi." Na rubuta. Ban sa a matsayin talla ba, na sa shi a tsakiyar gaisuwata, tsakanin godiya ga mijina da addu'a ga masu rubuto mini wasiƙa, da irin muryar da makarantana suka saba ji.

Bayan wata huɗu wasiƙa ta zo ta akwatin gidan waya, a takardar da aka yago daga littafin makaranta. Wata yarinya ce 'yar aji biyar daga wajen Funtuwa. Ta ce kuɗin tararta ta tara ta aika aka sayo mata littafin har kashi uku. Ta ce akwai maganganun da ba su dace ba a ciki, yayanta ya gani ya kai wa mahaifinsu, aka tattara duk littattafanta har da nawa aka cinna musu wuta, aka hana ta karatun littafin Hausa. Ba ta zage ni ba. Abin da ta rubuta a ƙarshe shi ne, "Anti, ni don ke kika ce ne na saya." Ban ba ta amsa ba, don ban san me zan ce ba. Shekara kusan ashirin na binne wannan wasiƙar a raina, sai da na ji ɗana ya ce "shi ne ya fara fitowa" sannan ta taso. Maganarsu ɗaya ce. Ita ta amince da ni saboda littattafai huɗu da na rubuta mata tsakanina da Allah, shi ya amince da saman shafi saboda sau dubu ya tambaya an ba shi amsa daidai, daga sakamakon ƙwallo har darasin kimiyya. Wannan amincewar da aka tara a hankali ita ce hajar da ake sayarwa. Alhaji ba layi uku ya saya a wurina ba, ai yana da injin buga layi dubu. Yardar yarinyar nan ya saya, ni kuma na sayar a kan kuɗin ɗab'i.

Kada a ce na ce talla haramun ce. Tun da na fara bincike a intanet, daga zamanin da muke biyan kuɗin awa a kafe har yau, ban taɓa biyan injin bincike ko sisin kwabo ba, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa, dole wani ya biya. Na san mata masu sayar da turaren wuta da atamfa da tallar intanet ta rufa musu asiri, kayansu kuma masu kyau ne. Wani lokacin ma na saman shi ne daidai abin da kake nema. Da a ce tallar za ta tsaya a gefe da rigarta ta talla, kamar yadda ake dakatar da wasan kwaikwayo a rediyo a ce ga saƙo daga masu kaya, da ba ni da ta cewa. Amma kowa ya san dalilin da ya sa ake son ta saje, in ta yi kama da amsa an fi latsa ta, kuma da latsawa ake biya.

Abin da ya biyo baya a gidanmu shi ne abin da ban zata ba. Na ɗauka za mu koyi bambance talla da amsa, shi ke nan. Ina! Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Hajiya yanzu duk abin da aka ce daga waya ya fito ba ta yarda, ko gaskiya ne. Likita da kansa ya turo wa ƙanwata jerin abincin da ya dace da ita, aka karanta mata, ta ce, "A wayar? Ku kai wa maigida ya ci." Sai da muka koma asibiti ya maimaita mata baki da baki. Shi kuma yaron, da ya zo cike takardun jami'a, shafin gaskiya ne ya fito masa a sama, ba talla ba ce, amma ya ƙi latsawa, ya yi ta gangarawa ƙasa yana zargin kowa, ƙarshe ya hau mota ya tafi makarantar da ƙafarsa ya tambaya. Ni ma haka na koma, in na yi bincike sai babban yatsana ya ture na farko da na biyu tun kafin idona ya karanta su. Mai kwalba ya ci 42,000 ya canza lamba, asarar kuma ta faɗa kan likita da makaranta da duk mai gaskiyar da zai zo bayansa.

Yanzu kuma ga sabon salo, inda injin kan haɗa amsa guda ya miƙo maka kamar malami yana ba da fatawa. Google ta fara irin wannan a Amurka a watan Mayun 2024, zuwa Oktoban shekarar ta fara sanya talla a jikin amsar. Da ƙanena ya nuna mini sai na tuna shafina na gaisuwa. A jerin shafuka ko ba komai akwai sama da ƙasa, kana iya gangarawa. In murya ɗaya ce ke magana, kamar yadda tawa ta yi wa yarinyar Funtuwa, sai mai sauraro ya yi da gaske kafin ya gane inda shawara ta ƙare da inda ciniki ya fara.

Alhajin nan ya rasu, Allah ya jiƙansa, bashina kuma na biya tun da rai. Ɗansa ne ya gaji harkar, sai dai shi ba tebur gare shi ba, a waya yake sayar da littattafai, a biya a tura wa mutum. Watan jiya ya kira ni, muka gaisa, ya tambayi jikin Hajiya, sannan ya ce akwai wata sabuwar marubuciya da yake tallatawa, yana so in ɗora littafinta a WhatsApp ɗina in ce na karanta ya burge ni, zai turo mini 15,000. A ranar kuwa ina neman kuɗin tsinken gwajin sugan Hajiya, ya ƙare. Na ce masa zaɓi biyu ne, ko in ɗora in rubuta "talla" da Hausa da manyan baƙaƙe a samansa, ko ya turo littafin in karanta tukunna, in ya yi mini in faɗa, in bai yi ba in yi shiru. Ya ce in aka rubuta talla ai ba wanda zai saya. Na ce to ya turo in karanta. Ya yi ɗan jim, ya ce, "Anti, shafi 400 ne fa." Na ce ina da tabarau.

Har yau da nake wannan rubutu bai turo ba. Tsinken gwajin kuwa ƙanena ne ya saya.